Ina Kaka Ta Tafi?

Ƴan uwa ɗalibai, abin da na kawo muku a wannan ɗan littafi namu ba daga kaye na kwafo shi ba. A fadarmu ya faru, nan Mayahi, daren sadakar ukun wata tsohuwa, kuma tun daga ranar nake juya shi a raina.

Tsohuwar kakar abokaina biyu ce. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, tare muke tarminal. Ba zan faɗi sunayensu ba, kun san garin ba girma gare shi ba. Ɗaya muna ce masa Fasto. A gidan Kirista ya tashi, amma shi da bakinsa yakan ce da can Kiristan gado ne kawai, sai da ya je hutu Maradi ya shiga wata majami'a ta masu addu'a da ƙarfi, ya karɓi Yesu, ya sami abin da suke kira maya haihuwa. Tun da ya dawo ya bar ƙarya, ya bar satar amsa a aji, wannan kam na shaida. Ɗayan muna ce masa Filozof. Ubansa Musulmi ne, shi ma yana bin sahu ranar Juma'a, amma tun da mushen filo ya fara koya mana yadda ake tuhumar kowace magana, babu abin da ya bari bai tuhuma ba.

Ita kuwa tsohuwar ba ta cikin ko ɗaya. Irin mutanen da ne, Azna, daga wani ƙauye a bakin Gulbin Kaba. Tana da iskokinta, tana yi musu yanka, tana saƙa tabarmar kaba tana kawowa kasuwa. Iyayenmu suna ba da labarin yunwar 2005, shekarun da aka haife mu, yadda takan jiƙa anza kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita, ta dafa ta raba wa yaran unguwa, nata da waɗanda ba nata ba. Da ta rasu, ƴaƴanta Musulmi suka ce ta yi kalmar shahada a ƙarshe. Wata da take zaune a ɗakin ta ce ita dai ba ta ji ba. Aka yi mata salla aka rufe.

A daren nan, ana zuba shayi na biyu, Filozof ya dubi ɗan uwansa ya ce, "To taubashi, kai da ka san hanya, ina Kaka ta tahi?"

Mun ɗauka wasan taubasai ne. Fasto bai yi dariya ba. Ya yi shiru har shayin ya huce a hannunsa, sannan ya ce, "In ba ta karɓi Yesu ba, ba ta da ceto. Ba ni na ce ba." Sai hawaye.

Ina so ku riƙe hawayen nan, domin masu shakka suna yawan manta su. Sukan zana mai imani da wuta kamar mugu mai jin daɗin ƙunar wasu. Akwai irinsu, zan zo kansu. Amma Fasto ba haka yake ba. Sau uku yana hawa kabu-kabu zuwa ƙauyen nan da kuɗin karinsa don ya yi mata bishara. Kowane zuwa sai ta saurare shi har ya gama, ta yi dariya, ta ce, "Jikana ya zama malami," ta dama masa fura. A ganinsa, wanda ya san rijiya ta rufta a kan hanya, ya ga makaho ya nufo ta, ya yi shiru don kada a ce ya cika surutu, shi ne mugu. Hujjarsa ita ce: Allah mai tsarki ne, zunubi ba ya zama a gabansa, duk ɗan Adam mai zunubi ne, har mai raba anza, babu mai biyan bashin nan da aikinsa, shi ya sa Almasihu ya biya a kan gicciye, wanda ya ƙi karɓar biyan, bashinsa na kansa. Ya ce in babu wuta, to daga me aka cece mu? In kowa zai shiga, me ya kai Yesu gicciye?

Filozof ya kawo hujja uku, kuma na ga alamar ya daɗe yana wasa su kamar wuƙa.

Ta farko awo ce. Tsohuwar ta yi shekara tamanin, a ce. Ko da kowace rana ta tamanin ɗin zunubi ce, yaya za a auna tamanin da abin da ba shi da ƙarshe? Ya ce ko alƙalin da ya fi kowa tsanani, in ya yanke wa ɓarawon akuya ɗaurin rai da rai, gari zai ce ya yi zalunci. To ina ga azabar da bayan shekara dubu sau dubu ba a ma fara ba?

Ta biyu wurin haihuwa ce. Ƴan Mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka kafa a Tsibiri kusa da Maradi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, ga na kutare a Danja. Littafi Mai Tsarki cikakke bai fito da Hausa ba sai 1932. Ya ce, "To uwar Kaka fa? Kakar Kaka fa? Duk Gobirawa da Katsinawan da sunka mutu kamin Bature ya hau jirgi, mi sunka yi? Kai kanka, da babarka ba ta auri Kirista ba, da yanzu kana nan kana gaya mini wata wutar daban." Wannan ta shige ni, domin ni ma ban zaɓi gidan da aka haife ni ba. Da a Tsibiri aka haife ni a gidan masu bi, wa ya san abin da zan rantse da shi yau?

Ta uku ita ta fi zafi. Ya ce, "A ce ka shiga aljannarka. Kana zaune, ka san matar da ta goye ka tana ƙuna. Za ka ji daɗi? In ka ji daɗi, ba kai ba ne, an canza ka. In ba ka ji ba, ba aljanna ba ce."

Ya ƙara da abin da ya karanto. Bertrand Russell, masanin Ingila, a wata lacca da ya yi a Landan a 1927, ya ce babban aibin da ya gani a koyarwar Almasihu shi ne yarda da azaba marar ƙarewa, don mai tausayi na gaske ba zai iya yarda da ita ba. Ya kuma ce kalmar Jahannama kanta sunan wuri ne: Kwarin Hinnom, a gefen birnin Ƙudus, inda Tsohon Alkawari ya ce an taɓa ƙona yara don tsafi. Daga Ibrananci ta bi ta shiga Girkanci da Larabci har ta iso bakinmu.

Wannan ta ƙarshe ba ta burge ni ba, na kuma gaya masa. Sanin inda kalma ta fito bai nuna ko abin da take nufi yana nan ko babu. Aljanna ma asalinta lambu ne a Larabci. Mutum ba shi da kalmomi sai na abin da ya gani. In zai yi maganar abin da bai gani ba, dole ya ara.

Amma ga inda na tsaya wa Filozof da gaske. Na tambaye shi: mutumin da ya cika sito da hatsi a shekarar yunwa, yana jiran tiya ta ninka, yara suna mutuwa a ƙofarsa, ya tsufa cikin daraja, ya mutu a kan katifa, aka cika makabarta don jana'izarsa, shi da Kaka ƙarshensu ɗaya ne? Rami ɗaya, ƙasa ɗaya, shi ke nan? Mu nan, talakan da aka ƙwace wa gona ba shi da lauya. Abin da yake da shi "Allah ya isa" ne. Wannan kalma kotu ce, kotun wanda ba shi da kotu. In ka ce masa babu hisabi, ka ƙwace masa gona sau biyu.

Filozof ya ce, "Son abu ya kasance ba shi ne kasancewarsa ba. Ina son a ce akwai ruwa a Gulbin Kaba da rani, amma yashi ne." Gaskiyarsa. Sai dai na ce masa wuƙar nan baki biyu gare ta. In son a yi hisabi bai tabbatar da wuta ba, ƙin wuta ma bai kashe ta ba. Abubuwa da yawa munana ne kuma suna nan. Ƙyanda ba ta tambayi ra'ayinmu ba.

Daga baya da na kwanta na ga ban yi masa adalci duka ba. Hujjarsa ba "abin ya yi muni, don haka babu" ce kaɗai ba. Cewa yake: ku ne kuka ce Allah mai adalci ne, mai jinƙai fiye da uwa ga ɗanta, to ga abin da kuka ce zai yi, ku haɗa mini biyun. Wannan tambaya ce ta cikin gida, ba jifa daga waje ba. Kuma abin da na gano da na bincika shi ne, ba masu shakka suka fara yin ta ba. Masu imani ne.

Origen, babban malamin Kirista na Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3, ya yi fatan wutar ta gyara ce, kamar ta maƙeri, a ƙarshe dukan halitta ta koma ga Allah. Ikilisiya ta yi tir da ra'ayin a ƙarni na 6. Agustin, limamin Hippo, garin da ake kira Annaba yau a Aljeriya maƙwabciyarmu, wanda ya rasu a 430, ya tsaya kan cewa azabar ba ta ƙarewa, kuma maganarsa ce ta rinjayi yawancin Kiristocin Yamma. Amma gardamar ba ta mutu ba. A 1988 John Stott, ɗaya daga cikin malaman da masu bishara suka fi girmamawa a Ingila, ya bayyana cewa ya karkata ga ganin marasa ceto za su hallaka ne su shuɗe, ba su dawwama cikin azaba ba. Mutanensa da yawa suka ji haushi.

Wanda labarinsa ya fi kama da na Fasto shi ne Carlton Pearson, baƙar fata, babban fasto a birnin Tulsa na Amurka, mai majami'ar da dubban mutane suke cikawa. Cikakken mai maya haihuwa ne, ya shekara da shekaru yana wa'azin wuta. Wata rana yana kallon tele, aka nuno ƴan gudun hijirar Ruwanda, mata da yara ƙashi da fata. Ya tambayi kansa: waɗannan, bayan wannan wahala, wuta kuma take jiransu? Ya kasa haɗiye amsar. Ya hau mumbari ya ce ya daina yarda da wuta irin wadda yake koyarwa, jinin Almasihu ya isa kowa. Mutane suka watse, a 2004 taron manyan fastocin ɗariƙarsa ya ce ya yi ridda daga koyarwa, ginin majami'ar ma ya fita hannunsa. Ya rasu a 2023 bai janye ba. Ban kawo shi don in ce ya yi daidai ba. Na kawo shi don ku ga tambayar tana da tsada, kuma akwai wanda ya biya.

Da na ba Fasto wannan labari ya ce mutumin ya bi zuciyarsa ya bar Littafi. Filozof ya ce to a buɗe Littafin. Ya tuna masa misalin mai arziki da Li'azaru a Luka sura 16: me ya kai mai arzikin azaba? Ba a ce don bai yi addu'ar karɓar Yesu ba. Matalauci ne kwance a ƙofarsa da gyambo bai dube shi ba. Ya tuna masa Matiyu sura 25, inda ake raba mutane kamar tumaki da awaki bisa wa ya ciyar da mai yunwa, wa ya shayar da mai ƙishi, har waɗanda aka karɓa suna mamaki don ba su san wa suka yi wa ba. Ya ce, "In da wannan awon za a auna, Kaka ta riga mu duka." Fasto ya amsa da wasiƙun Bulus, cewa ceto ta wurin alheri ne da bangaskiya, ba ta aiki ba, don kada wani ya yi fahariya. Suka yi ta jan igiya, kowa da ayarsa, har gawayi ya mutu.

Ni fa ina zaune a tsakani, kuma ba ɗan kallo ba ne. Musulmi nake. A awon Fasto ni ma ɓatacce ne, ya taɓa gaya mini, cikin ladabi. A abin da aka koya mini tun makarantar allo, shi ne yake cikin haɗari, Filozof kuwa ba a magana. Mu uku, kofi ɗaya muke zagayawa da shi, kowa yana ɗauke da hukuncin ɗan uwansa a aljihu. In wannan bai sa mutum tunani ba, ban san me zai sa shi ba.

A gidanmu ma malamai sun taɓa wannan wuri. Sun yi maganar mutanen da saƙo bai iso musu ba, ko ya iso a gurɓace, bisa ƙa'idar cewa Allah ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Jumhurun malamai sun tafi a kan wuta ba ta ƙarewa ga kafiri, amma Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun tattauna ko wata rana za ta ƙare saboda rahama ta rinjayi fushi, har Subki ya rubuta musu raddi. Duk mun ji hadisin matar banza da aka gafarta wa don ta shayar da kare, da na matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa. Abin da nake ɗauka daga waɗannan shi ne awon yana hannun da ba namu ba, kuma yana ba da mamaki.

To ga inda na tsaya, ku yarda ko ku ƙi. Tambaya biyu ce muke cakuɗawa. Ɗaya: akwai hisabi, akwai wuta? Ɗaya: wane yana ciki? Ta farko na yarda da ita, ban kuma ji kunyar faɗa a gaban Filozof ba, ko da yake ba zan iya tabbatar masa da ita a kan allo kamar lissafi ba, kuma tambayarsa ta awo har yanzu tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ta biyu kuwa, ina ganin duk wanda ya amsa ta da suna ya zauna a kujerar da ba tasa ba. Fasto bai san abin da ya gudana tsakanin tsohuwar nan da Mahaliccinta a daren ƙarshe ba. Bai san ko abin da ya kai mata bishara ce ta ji, ko surutun jikanta. Kawunansa da suka ce ta yi shahada, da matar da ta ce ba ta ji ba, su ma kunne kawai gare su.

Kuma wannan ba maganar fada ce kaɗai ba. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faransa, aka ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. A Yunin 2019 aka sa wa wata majami'a wuta a Maradi, nan kusa da mu. Dalilan suna da yawa, akwai siyasa, akwai zaman banza, akwai fushin da ya rasa inda zai sauka. Amma ina zargin akwai wani abu a ƙasa: in ka saba kallon maƙwabcinka a matsayin itacen wuta, ranar da aka miƙo maka ashana hannunka ba zai yi nauyi ba. Wannan ciwon ba na addini ɗaya ba ne. Kiristocin Turai sun ƙona junansu da rai shekaru aru-aru da wannan tunani. Na kuma ji wa'azi, a masallaci da a rediyo, na ji a bakin wasu masu bishara, inda mai magana yake siffanta ƙunar waɗansu yana lasar baki kamar mai ba da labarin kilishi. Wanda ya yarda da wuta da gaske ba ya iya wannan. Fasto kuka ya yi.

Sai kuma abin da ya shafi Filozof. Abin da yake faɗa a fada ba ya faɗarsa a gida. Ya san labarin Mubarak Bala na Kano, wanda aka kama a 2020, aka yanke masa shekara 24 a 2022 saboda abin da ya rubuta a Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage. Ban goyi bayan zagin abin da mutane suke girmamawa ba. Amma tambaya ba zagi ba ce, kuma na lura duk lokacin da aka amsa wa Filozof da "za ka gani in ka mutu", shakkarsa ƙaruwa take. Ranar da Fasto ya ce masa, "Wannan ban sani ba," ranar ce kaɗai na ga ya yi shiru ya saurara.

Bayan mako biyu Fasto ya tafi Maradi ya kai wa wani dattijon ikilisiya maganar, tsoho ne da ya yi karatun Littafi tun zamanin ƴan Mishan, wanda shi ma iyayensa a kan al'adar gargajiya suka mutu. Ya dawo ya ce tsohon bai ce masa tana wuta ba, bai ce masa ba ta ciki ba. Ya tuna masa labarin Ibrahim yana roƙo saboda mutanen Saduma, yana dogara da cewa mai shari'ar duniya duka ba zai yi rashin gaskiya ba, ya ce shi a nan ya ajiye uwarsa shekara hamsin, shi ma ya ajiye kakarsa a nan. Filozof ya ce wannan ba amsa ba ce, gudu ne da wayo. Fasto ya ce wataƙila, amma tun da ya dawo yana iya barci.

Ranar sadakar arba'in aka raba ƴan kayanta. Tabarma ɗaya ta rage wadda ba ta gama saƙawa ba, bakinta a buɗe, zaren kaba yana reto. Su biyun kowa ya ce shi zai ɗauka. Filozof ya ce, "Kai da ka ce tana wuta, mi za ka yi da tabarmar ƴar wuta?" Fasto ya ce, "Na janye sunanta, taubashi. Ban janye sauran ba." Yanzu tabarmar tana fadarmu, a kanta muke zama, kuma jiya ma sun sake tayar da maganar.